Daga Naɗi Zuwa Falle: Injin da Ke Yanka Takarda Kafin Ta Isa Maɗaba'a

Shirin namu na yau zai shiga wani lungu na sana'ar ɗab'i da ba kasafai ake leƙa shi ba. In ana hirar maɗaba'a, hankali kan tafi ne wajen tawada da launi da injin bugawa, Kord ne ko GTO ko Speedmaster. Amma kafin ɗayansu ya taɓa takarda, akwai wani inji da ya riga ya gama da ita, shi ne wanda ya warware ta daga naɗi ya yanka ta falle-falle. In ya yi aikinsa daidai, ba mai tunawa da shi. In ya kauce da milimita ɗaya, mai ɗab'i a Kano ko Zariya ne zai kwana yana faɗa da injinsa, alhali ɓarnar tun a wata masana'anta mai nisan dubban kilomita aka yi ta.

A fara da abin da kowa ya sani, wato rim ɗin A4 da ke kan teburin mai fotokwafi. Falle 500 ne a ciki, kowanne faɗinsa milimita 210, tsawonsa 297. Lambar nan 80 da ake rubutawa a bangon rim tana nufin murabba'in mita ɗaya na takardar yana da nauyin giram 80. Falle 16 na A4 ne ke cika murabba'in mita, saboda haka falle ɗaya giram 5 ne, rim kuma kilo biyu da rabi. Tan ɗaya na irin wannan takarda rim 400 ke nan, falle 200,000. Kuma ana so dukansu su fito tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, kusurwa a miƙe, baki sumul, domin injin fotokwafi ba ya haƙuri da fallen da ya bambanta da 'yan'uwansa.

Tsawon ƙarnuka masu yawa takarda ba ta bukatar wannan yanka, saboda falle-falle ake yin ta tun daga tushe. Ma'aikaci ne zai tsoma wata rariya mai kusurwa huɗu cikin kwatarniyar da aka dama zaren tsummoki, ya ɗago, ya girgiza, ruwa ya tsiyaye, abin da ya rage a kan rariyar shi ne falle ɗaya. Girman rariya shi ne girman takarda. Irin wannan ce fatake suka riƙa ɗaukowa daga Tarabulus su ratsa hamada da ita zuwa Kano da Borno. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya lissafa takarda mai tambarin jinjirin wata uku cikin kayan Turai da ake sayarwa a kasuwa. Da yawanta daga arewa maso gabashin Italiya take fitowa, musamman masana'antar iyalin Galvani da ke yankin Pordenone, kuma har yau in aka ɗaga wasu tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu a haske ana ganin tambarin.

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Louis Robert ne ya juya lamarin. Yana aiki a masana'antar takarda ta Essonnes kusa da Paris, kuma a 1799 ya sami shaidar mallakar fasahar wani inji da ke zuba damammen zare a kan rariya mai juyawa ba tsayawa. 'Yan'uwa biyu 'yan kasuwar Landan, Henry da Sealy Fourdrinier, suka zuba kuɗi, injiniya Bryan Donkin ya ƙera, aka kafa na farko a Frogmore ta Ingila a 1803. Daga nan takarda ta koma doguwar aba mai fitowa ba iyaka. Sai dai su masu ɗab'i da masu rubutu falle suka sani, falle kuma suke so. Injin ya warware matsala guda, ya haifi wata: wa zai yanka, kuma da wane sauri?

Da farko da hannu aka riƙa yi. Daga baya aka ƙera injin yanka mai wuƙa guda da ke saukowa kan tarin takarda, wanda wani Bafaranshen, Guillaume Massiquot, yake cikin waɗanda suka fara inganta shi, da shaidar mallaka ta 1844. Jikokin wannan inji su ne ake gani a kusan kowace maɗaba'a a ƙasar nan, yawanci ƙirar Polar ta Jamus. Amma shi tarin da aka riga aka yanka yake datsewa. Wanda ke karɓar naɗi ya mai da shi tari inji ne dabam, kuma shi ne abin maganarmu.

A duba girman aikin da ke gabansa. Manyan injunan yin takarda na wannan zamani faɗinsu kan kai mita goma, suna fitar da takarda da gudun da ya wuce mita 1,500 a minti, wato kilomita 90 a awa. Uwar naɗin da suke tarawa tana da nauyin tan gommai. Wani inji ne ke tsaga ta zuwa ƙananan naɗe-naɗe da mota za ta iya ɗauka. Ko ƙaramin ma ba abin wasa ba ne: naɗi mai faɗin mita ɗaya da nauyin kilo 800 na takarda mai giram 80, in aka shimfiɗa shi zai kai kilomita goma.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Jaridu da littattafan da ake bugawa da yawan gaske daga naɗi kai tsaye ake buga su, dabarar da William Bullock ya fito da ita a Amurka a shekarun 1860, sannan a yanka daga ƙarshe. Sauran ayyuka kuwa, fosta da kalanda da bangon littafi da kwalin magani da katin biki da takardar ofis, duk falle suke bukata.

Shi injin yankan dogo ne, yakan cinye tsawon babban ɗaki. A bayansa ake ɗora naɗe-naɗen a kan wasu hannuwan ƙarfe masu riƙe su ta tsakiya. Ba ɗaya kaɗai ba: in takardar ba ta da kauri akan ɗora huɗu ko biyar ko shida, a warware su tare, a ɗora wannan kan wannan, wuƙa ta sare su a lokaci guda. Kowane inji yana da iyakar kaurin da wuƙarsa ke iya ci. Takarda biyar masu giram 80 sun zama giram 400 a bakin wuƙa, shi ya sa kwali mai kauri sau da yawa shi kaɗai ake tura shi. Kowane naɗi kuma yana da birkinsa. In an sake shi da yawa takarda ta yi laƙwas ta tattare, in an matse da yawa ta miƙe ko ta tsinke, kuma takardar da aka yanka a miƙe za ta koma ta gajarta bayan an sake ta. Ga shi naɗin yana raguwa a kowane daƙiƙa, don haka dole ƙarfin birkin ya riƙa raguwa tare da shi. A da hannun ma'aikaci ne ke wannan lissafi, yanzu na'ura ce.

Takardar da ta daɗe a naɗe tana riƙe lanƙwasa, musamman wadda ke kusa da tsakiya. Saboda haka ake bi da ita ta kan wani siririn sandan ƙarfe da ke tanƙwara ta ta ɗaya ɓangaren, har ta kwanta.

Sai yanka, wanda iri biyu ne. Na farko yana bin tsawon takarda. Wuƙaƙe ne masu siffar faifai, biyu-biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna juyawa bakinsu na shafar juna. Su ne ke datse gefuna biyu su kuma raba faɗin zuwa layuka yadda ake so. Wannan da sauƙi, domin takardar ce ke zuwa ta sami wuƙa a inda take.

Na biyu, wato saran da ke ratsa faɗi, shi ne inda maƙera suka sha wuya fiye da shekara ɗari. Dalili kuwa, takardar ba ta tsayawa a sare ta. In tana gudun mita 300 a minti, mita biyar ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ko da saran zai ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kafin wuƙa ta gama ratsawa takarda ta riga ta matsa santimita biyar. In kuma aka ce wuƙar ta faɗo gaba ɗayanta a lokaci guda, bugun zai yi ƙarfin da zai girgiza inji ya dakusar da ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Dabarar da aka yi ita ce a ɗaura wuƙar a jikin wata ganga mai juyawa, a ɗan murɗe, yadda za ta fara ci daga wannan gefe ta ƙare a wancan, kamar dai yadda almakashin tela ke cin yadi daga gindi zuwa tsini. Tunda kuwa wannan zai sa yankan ya karkace saboda tafiyar takarda, sai a karkatar da mazaunin gangar kanta kaɗan, karkata ta cinye karkata, kusurwa ta fito a miƙe.

A tsofaffin injuna wuƙa ɗaya ce ke juyawa, abokiyarta tana kafe a ƙasa. Suna da araha, suna da ƙarko, kuma har yanzu suna aiki a wurare da yawa, sai dai duk lokacin da aka canza tsawon falle dole a sake daidaita karkatar, kuma a kan kwali mai kauri bakin yankan ba ya fita da tsabta. Na zamani ganga biyu gare su, sama da ƙasa, kowace da wuƙarta. A daidai lokacin sara, gudun wuƙaƙen biyu yana zama daidai da gudun takarda, suna tafiya tare da ita suna yanka. Suna rabuwa da ita sai gangunan su ƙara sauri in gajeren falle ake so, ko su lafa in dogo ne, sannan su dawo daidai kafin sara na gaba. Wannan hawa da sauka yana faruwa sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Kamfanin Jagenberg na birnin Düsseldorf ya yi suna da irin wannan ƙira tun ana yin ta da giya da ƙarafa. Yau motocin lantarki da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yi, ma'aikaci lamba kawai zai danna, kuma inji mai kyau kuskurensa bai kai rabin milimita ba.

An sare, saura tarawa, ita ma da nata rikicin. Fallen da ke gudun mita biyar a daƙiƙa in ya daki abin tsayarwa bakinsa zai lotsa. Don haka da farko bel masu sauri ne ke fizgar sa don a sami tazara tsakaninsa da na bayansa, a nan ne kuma wata ƙofa ke buɗewa ta zubar da duk fallen da na'ura ta gano yana da haɗi ko huda. Daga nan sai ya hau bel masu tafiya a hankali, inda kowane falle ke hawa kan jelar na gabansa, su jeru a goye, gudunsu ya ragu sosai ba tare da an rage yawan aiki ba. A ƙarshe su sauka kan katako, wasu faranta suna bubbuga su ta gefe don su daidaita, iska tana hurawa tsakaninsu, katakon yana sauka ƙasa yayin da tarin ke tashi. Na'urar ƙirga kuma tana cusa ɗan tsinken takarda duk bayan falle 500 ko adadin da aka sa mata.

Wannan shi ne injin manyan fallaye, na masu ɗab'i. Yana da ƙane mai yanka takardar ofis, wanda kasuwarsa ta buɗe bayan kamfanin Xerox ya fito da injin fotokwafi samfurin 914 a 1959, wanda ya karɓu ƙwarai don yana kwafi a kan takarda ta yau da kullum. Ma'aunin A4 ya girmi wannan: Jamus ta kafa shi a 1922 bisa aikin injiniya Walter Porstmann, ya zama ma'aunin duniya a 1975, ko da yake Amurka har yanzu tana kan nata mai inci takwas da rabi da inci goma sha ɗaya. A injin yankan takardar ofis, a ce an ɗora naɗi biyar an tsaga faɗin layi goma. Sara ɗaya falle 50 ne. Sara ɗari rim goma. In takarda na gudun mita 300 a minti, rim kusan 100 ke fita a kowane minti, su wuce kai tsaye wurin naɗe su a bango, a zuba biyar-biyar a katan, hannun mutum bai taɓa su ba.

Maƙeran waɗannan injuna ba su da yawa. Akwai E.C.H. Will da aka kafa a Hamburg a 1866, wanda ya fara da kayan ja wa takarda layi. Akwai Pasaban a garin Tolosa na Sifen, sananne wajen injunan yanka takardar kuɗi, inda dole wuƙa ta bi tambarin da ke cikin takardar ta faɗa daidai wurinsa a kowane falle. Akwai Marquip da Maxson a Amurka. A 2014 rukunin Barry-Wehmiller na Amurka ya sayi Will, ya haɗa shi da Marquip a gida ɗaya. Sin da Taiwan da Indiya kuma suna ƙera masu sauƙin kuɗi, waɗanda suka fi kusa da aljihun ɗan kasuwar Afirka.

To me ya sa rabin milimita ya zama abin magana? Saboda injin ɗab'i bakin takarda yake bi. Kowane falle in ya shigo, bakinsa na gaba yana tsayawa a jikin wasu 'yan ƙarafa, wani hannu ya ja shi gefe zuwa ma'auni, sannan 'yan yatsun ƙarfe su cafke shi su wuce da shi. A Speedmaster na zamani wannan yana faruwa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa. Ga mai Kord kuwa, wanda launi ɗaya yake bugawa a kowane zagaye, aikin kala sai takarda ta shiga inji sau huɗu, kuma sau huɗun dole ta tsaya a wuri ɗaya. In bakin bai miƙe ba, shuɗi zai faɗa nan, ja ya faɗa can, fuskar ɗan takara a fosta ta fito da ido huɗu. In kuma gaba da baya ake bugawa, layukan ba za su hau kan juna ba, sai an zo naɗewa a ga shafi ya hau shafi ya sauka.

Dakusasshiyar wuƙa ita ma tana da nata tabon. Maimakon ta yanke zaren takarda sai ta farfasa shi, ƙura ta kwanta tsakanin fallaye. Ƙurar nan tana maƙalewa a jikin bargon roba na injin ɗab'i, ta riƙa barin ɗan ɗigo mai farin zobe a wuri ɗaya a kan kowane kwafi, har sai an tsayar da inji an wanke. Mai aiki zai zargi tawada, ya zargi yaron inji, wuƙar da ta jawo abin kuwa tana can wata ƙasa.

Akwai ma wata alama mai ban sha'awa da gogaggun masu ɗab'i suka sani. In aka ga kowane falle na biyar a cikin tari ya ɗan fi sauran duhu ko ya sha tawada dabam, to naɗi biyar aka yanka tare, ɗaya daga ciki ba ɗan gida ɗaya ba ne da sauran.

Sai batun kwanciyar zare. Lokacin da ake yin takarda, zaren itacen yana kwanciya ne ta fuskar da injin ke gudu. Ta wannan fuska takarda ta fi saurin yagewa a miƙe, ta fi naɗuwa ba tsagewa, in kuma ta sha laima ta ɗaya fuskar take kumbura. Mai saita injin yanka shi ne ke zaɓar ko zaren zai bi dogon gefen falle ko gajere. Littafin da aka ɗinka zarensa yana bin ƙashin bayansa yakan buɗu ya kwanta. Wanda aka saɓa kuwa shafukansa kan yi tauri, ya riƙa rufe kansa, gindin ɗinkin ya yi ƙunci-ƙunci. Da yawa daga littattafan da ake kuka da ɗinkinsu, maɗinkin bai yi laifin komai ba.

A nan Arewa yanayi yana ƙara wa abin gishiri. Takarda tana shan laimar iska tana kuma amayar da ita, kuma ta fi zama lafiya in laimar ɗaki tana wajen kashi 50 cikin 100. A Kano lokacin hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ta haura 70. Tarin da aka buɗe da damina gefunansa ne ke fara shan laima, su faɗaɗa tsakiya ba ta faɗaɗa ba, sai baki ya yi tudu da kwari. Da hunturu gefunan ne ke bushewa su tsuke, falle ya yi ƙoƙo. Ga kuma wutar nan da gogayya ke tarawa a jikin busasshiyar takarda, mai sa fallaye su manne inji ya ɗauki biyu-biyu. Bangon rim da ake yagewa a yar yana da siririn shafen leda a cikinsa, an sa shi ne don tsare wannan. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a bar takarda a naɗe cikin bangonta ta kwana a ɗakin da za a yi aiki da ita, kada a jingina ta da ƙasa ko bango, abin da ya rage kuma a sake rufe shi.

Ina Nijeriya take a wannan harka? Gwamnati ta gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba a Jihar Kwara da ta fara aiki a 1969, ta Oku-Iboku a Akwa Ibom mai yin takardar jarida daga 1986, da ta Iwopin a Jihar Ogun wadda aka yi niyyar ta riƙa samar da farar takardar rubutu da ɗab'i. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duk sun tsaya. An sayar da su daga baya, ta Jebba ta dawo tana sarrafa tsohuwar takarda zuwa ta kwali. Farar takardar ɗab'i dai akasarinta daga waje take zuwa, daga Indonesiya da Indiya da Sin da Brazil da Turai. Wata tana isowa a yanke cikin bango, wata a naɗe, kamfanonin da ke Legas da kewaye su yanka. Littafin rubutun 'yan makaranta mai falle 40 ko 60 ko 80, irin wanda kamfanoni kamar Onward suka yi suna da shi, misali ne na inda injin yanka ya haɗu da wasu: naɗi ya shiga ta nan, a buga masa layi, a sare, a ƙirga, a ɗora bango, a ɗinka da waya, a naɗe, a datse, littafi ya fito ta can.

Mai ɗab'in da ke sayen takarda a yanke, girman da kasuwa ta kawo shi zai ɗauka. Wanda aka fi sani shi ne inci 24 da 36. In aka raba shi biyu yana ba da inci 18 da 24, wanda ya shiga Kord 64 daidai. Amma in A4 ake so a fitar daga ciki, takwas za a samu, kuma kimanin kashi ɗaya cikin goma na takardar zai tafi a gefe. A aikin katin biki wannan ba komai ba ne. A kwangilar littattafan makaranta mai cin tan hamsin, tan biyar ke nan da aka biya kuɗinsu da dala, aka biya kuɗin fito, aka ɗauko su kilomita dubu daga Legas, don kawai a sayar da su a matsayin tarkace ga masu yin takardar goge hannu da kiret ɗin ƙwai. Wanda ke da injin yanka kuwa yana sayen naɗi mai faɗin da ya dace, ya sare daidai tsawon aikin. Wannan lissafi ne ya sa kamfanin Heidelberg ya fito da wata na'ura mai suna CutStar da ake haɗawa a gindin injin ɗab'i, tana yanka daga naɗi tana miƙa masa falle nan take.

Ganin haka, da kuma buɗe tashoshin sauke kaya na kan tudu a Kaduna a 2018 da Dala ta Kano a 2023, ɗan kasuwa zai iya kwaɗayin shigo da inji. Riba tana nan, amma sayen injin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Naɗi ba ya ɗaukuwa da ƙarfin 'yan dako, sai motar ɗaga kaya mai hannuwan runguma, kuma naɗin da ya faɗi ya lotse zai riƙa tsalle a kan inji yana ɓata tsawon falle har ya ƙare. Wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar gudu tana tsinka takarda ta kuma lalata kayan lantarkin inji. Wuƙa tana bukatar mai wasa ta a kan injin wasa na musamman, da mai ɗaura ta ya saita tsakaninta da abokiyarta, aikin da ke cin awoyi kuma ba a koyonsa a mako guda. Uwa uba, inji irin wannan yana iya cinye abin da ƙaramar maɗaba'a ke bugawa a shekara cikin 'yan kwanaki, sauran watannin ya zauna yana tsatsa. A Turai da Amurka akwai kamfanonin da ba sa yin takarda ba sa kuma bugawa, yanka kawai suke yi wa jama'a a biya su. Ga gari mai ɗaruruwan ƙananan maɗaba'u, wannan tsari ya fi kama hankali a kan kowa ya ci bashi ya sayi nasa.

Ga matasan da ke aiki a gindin waɗannan injuna, abin tsoron ba wuƙar kaɗai ba ce, domin ita a rufe take. Wurin da ganga biyu ko bel da ganga ke haɗuwa suna jan takarda, nan ne ke cafke yatsa ko hannun riga, kuma ya fi mutum sauri. Ba a cire takardar da ta maƙale inji yana tafiya, ba a shiga gyara sai an kashe wuta an kulle makunnin, babbar riga da rawani mai jela kuma a ajiye su a ƙofa. Shi ma Polar an yi masa maɓalli biyu ne don hannu biyu su kasance nesa da wuƙa lokacin da take sauka, an kuma sa masa idon lantarki mai tsayar da ita. Wanda ya ɗaure maɓalli ɗaya da salatif don aiki ya yi sauri ya cire abin da ke tsare yatsunsa.

Mai saye ma yana da hanyar gane aikin yanka ba tare da wata na'ura ba. Ya ɗebi falle kamar ashirin daga tari, ya kifa rabinsu, ya haɗa ya bubbuga a kan tebur: in kusurwa ba ta miƙe ba, bambancin zai fito ninki biyu a gefe. Ya shafa baƙin ƙyalle a bakin tarin, in ya yi fari to wuƙar ta dakushe. Ya yaga falle ɗaya ta tsawo, wani ta faɗi, inda yagar ta tafi a miƙe nan zaren ya kwanta. Sannan ya ɗora rim a sikeli. Mai giram 80 kilo biyu da rabi ne da ɗan ɗoriyar bango, mai giram 70 kuma bai cika kilo biyu da giram 200 ba. In bango ya ce 80 sikeli ya nuna ƙasa da haka sosai, ko dai takardar ba ta kai nauyin da aka rubuta ba, ko kuma fallayen ba su cika 500 ba.